Gyambon Kwanciya da Dabbobin Ɗakin Gwaji: Abin da Ɓera da Alade Suka Koya wa Likitoci, da Inda Iliminsu Ya Tsaya

A watan Afrilun 2025 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta sanar da cewa za ta fara janye sharaɗin gwada wasu sababbin magunguna a jikin dabbobi sannu a hankali, kuma kafin watan ya ƙare hukumar NIH, wadda ita ce babbar mai ba da kuɗin binciken lafiya a ƙasar, ta bi sahu da alƙawarin ƙara fifita binciken da aka gina a kan ƙwayoyin jikin ɗan Adam da lissafin kwamfuta. Tun kafin nan, a watan Disambar 2022, an sa hannu kan wata doka da ta cire wajabcin gwajin dabbobi kafin a fara gwada magani a jikin mutane. Labarin ya bazu a guntule, har wasu suka ɗauka an rufe babin gwaji a kan dabbobi ke nan. Abin da dokar ta yi shi ne buɗe ƙofar zaɓi ga kamfanonin magunguna. Ba ta haramta wa kowa komai ba, kuma ba ta taɓa binciken da ake yi a jami'o'i don gano yadda cuta ke farawa ba.

Gyambon kwanciya ya dace a auna wannan magana da shi. Mafi yawan abin da likitoci suka sani a yau game da yadda yake farawa daga jikin kare da alade da ɓera aka samo shi, amma har yanzu da wuya a nuna magani guda ɗaya da ya yi nasara a jikin ɓera sannan aka kawo shi asibiti ya zama abin dogaro wajen warkar da wannan gyambo. Saɓanin da ke tsakanin masana ya taso ne daga waɗannan abubuwa biyu, kowane ɓangare yana jingina da wanda ya fi ƙarfafa hujjarsa.

Mene ne gyambon kwanciya?

Rauni ne da ke samun fata da naman da ke ƙarƙashinta idan nauyin jiki ya daɗe yana danne wuri guda, galibi inda ƙashi ya turo kusa da fata: ƙasan gadon baya, da diddige, da kwatangwalo, da ƙasusuwan zama, da gwiwar hannu, da ƙeya. Mai lafiya ba ya samunsa, domin ko barci yake yi jikinsa na sanar da shi cewa wuri ya gaji, sai ya juya ba tare da ya farka ba. Wanda jikinsa ya daina ba shi wannan labari, ko kuma yana ji amma ba shi da ƙarfin motsawa, shi ke cikin haɗari: mai shanyewar jiki, da wanda lakarsa ta samu rauni, da wanda ya daɗe a sume a sashen kulawa ta musamman, da wanda aka shafe sa'o'i ana yi masa tiyata, da tsohon da jinya ta kwantar. Kayan asibiti ma suna haddasa shi, kamar abin rufe hanci da baki na na'urar numfashi ko bututun da ya daɗe a kan leɓe, abin da aka gani da yawa lokacin annobar korona.

Likitoci sun kasa shi mataki huɗu. A na farko fata ba ta fashe ba, sai dai ta yi ja, kuma idan ma'aikaciyar jinya ta danna wurin da yatsa ta ɗaga, launin ba ya washewa kamar yadda yake yi a lafiyayyar fata. A na biyu saman fata ya saluɓe ko ya yi bororo, a na uku rami ya kai ga kitse, a na huɗu kuwa ana iya ganin tsoka ko jijiya ko ƙashi. A 2007 kwamitin masana na Amurka da ke tsara wannan rabe-rabe ya ƙara wani rukuni da ya kira raunin can ciki, inda fata take a rufe amma ta yi duhu kamar wurin da jini ya kwanta, alhali naman ƙasa ya riga ya fara mutuwa. Wannan ƙari yana da alaƙa kai tsaye da binciken dabbobi, kamar yadda za a gani.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. Wani nazari na 2020 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya nuna cewa kimanin kashi 12.8 cikin ɗari na manyan da ke kwance a asibiti suna da wannan rauni. A Amurka ƙiyasin hukuma ya kai mutum miliyan 2.5 a kowace shekara, kuma tun daga watan Oktoban 2008 shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, ya daina biyan asibitoci ƙarin kuɗin jinyar gyambo mai mataki na uku ko na huɗu idan a hannunsu majiyyaci ya same shi.

Dalilin da ya sa ake komawa ga dabba

Babu kwamitin ɗa'ar bincike da zai yarda a danne ƙugun mutum na sa'o'i shida don a ga a wace sa'a tsokarsa za ta mutu. Majiyyacin da ya riga ya samu gyambon kuma ba zai amsa tambayar ba, domin lokacin da aka gan shi farkon al'amarin ya wuce da kwanaki, kuma ga ciwon sukari, ga ƙarancin jini, ga rama, ga danshin fitsari, duk sun cakuɗe ta yadda ba za a iya ware gudummawar kowanne ba. Abin da masu bincike ke kira samfurin dabba shi ne a ƙirƙiri raunin da gangan a jikin dabbar da aka san shekarunta da nauyinta da lafiyarta, da ƙarfin dannewa da aka auna da lokacin da aka ƙayyade, sannan a bi abin da ya faru sa'a bayan sa'a, har a yanko naman a duba shi a madubin likita.

Kalmar ƙirƙira tana da muhimmanci a nan. Dawakai da shanu da manyan karnukan da ciwo ya kwantar suna samun gyambon kwanciya na gaske, amma ɓera ba ya samu. Nauyinsa bai taka kara ya karya ba, ƙaramin ɓeran ɗakin gwaji bai fi giram 20 zuwa 30 ba, kuma ba ya zama wuri guda. Don haka duk raunin da aka gani a jikinsa hannun mutum ne ya tsara shi, kuma yadda aka tsara shi ke yanke irin amsar da za a samu.

Daga ɓeran Masar zuwa alade

A ƙarni na 19 fitaccen likitan jijiyoyi na birnin Paris, Jean-Martin Charcot, ya tafi a kan cewa lalacewar laka ko ƙwaƙwalwa ce da kanta ke hana fata abin da take rayuwa da shi, saboda haka gyambon masu shanyewar jiki ba shi da makawa, alama ce kawai ta kusantowar ajali. Amma tun a shekarun 1850 Charles-Édouard Brown-Séquard ya yanke lakar ɓerayen Masar da wasu dabbobi, ya riƙa wanke su sau da yawa a yini yana hana kowane sashe na jikinsu daɗewa a danne, kuma gyambo bai fito musu ba. Ra'ayin Charcot ya yi rinjaye na tsawon lokaci saboda girman sunansa, sai dai gwajin ne ya yi gaskiya. Da Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila a 1944, ya kafa dokar juya majiyyata kowane sa'o'i biyu dare da rana, kuma mutanen da a da ake sa ran mutuwarsu cikin ɗan lokaci suka rayu.

Tambayar da ta biyo baya ita ce wane ƙarfin dannewa ne ke yin ɓarna, kuma cikin sa'a nawa. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne dai wanda ake auna hawan jini da shi, inda akan ce 120 bisa 80. A 1930 Eugene Landis ya auna ƙarfin jinin da ke gudana a siraran jijiyoyin gindin farcen mutum, ya samu kimanin 32, kuma wannan lamba ta zauna a zukatan mutane shekaru da dama a matsayin iyaka: wai duk katifar da ta danne fata fiye da haka ta toshe jini. A 1959 Michael Kosiak ya danne cinyoyin karnuka a kan ƙashi da ƙarfi daban-daban na lokuta daban-daban, ya nuna cewa dannewa mai ƙarfi na ɗan lokaci da dannewa mai sauƙi na dogon lokaci duk suna kai wa ga gyambo. A 1961 ya koma kan manyan ɓeraye, ya ga cewa ƙarfin 70 na sa'o'i biyu ya isa ya bar alamar lalacewa a tsoka. Wannan sakamako ya ba ƙa'idar sa'o'i biyu goyon bayan kimiyya, ko da yake ta riga shi shiga asibiti.

Alade ne ya kawo gyara mafi girma. A 1974 Dinsdale ya nuna cewa fatar alade ba ta yin gyambo sai dannewa ya kai 290, amma idan aka haɗa da gugar fata, ƙarfin 45 kacal ya wadatar. A 1981 Rollin Daniel da abokan aikinsa a Kanada suka danne kwatangwalon aladu, suka gano cewa ƙarfin 500 na sa'o'i huɗu ya lalata tsoka alhali fatar sama lafiya lau, kuma sai da aka kai 800 na sa'o'i takwas sannan fatar ta mutu. Ma'anar wannan ita ce tsoka ta fi fata rauni, kuma gyambo mafi muni daga kan ƙashi yake tasowa ya biyo waje, kamar garar da ta cinye cikin itace ta bar ɓawo. Lambar 32 ta fara rasa kimarta tun daga nan, domin abin da na'ura ke aunawa tsakanin fata da katifa bai nuna abin da ke faruwa ga naman da ke matse a jikin ƙashi ba.

Maganaɗisu biyu a bayan ɓera

Samfurin da ya fi yaɗuwa a yau mai sauƙi ne ƙwarai. Akan sa wa ƙaramin ɓera maganin barci, a aske gashin bayansa, a ɗago fatar bayan da yatsu biyu ta yi ninki, sannan a sa faifan maganaɗisu a kowane gefe, kowanne faɗinsa milimita 12, su manne da juna da fatar a tsakani. Ɓeran yakan farfaɗo ya ci gaba da yawo da cin abinci da maganaɗisun a jikinsa. Bayan sa'o'i 12 a cire, a bar fatar ta huta sa'o'i 12, a sake mayarwa, har sau uku. Cikin 'yan kwanaki sai raunuka biyu masu siffar da'ira su bayyana, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Istvan Stadler da abokan aikinsa ne suka wallafa wannan hanya a 2004, kuma ƙarfin matsin ya kai kimanin 50.

Dalilin sawa da cirewa ya samo asali ne daga aikin Shayn Peirce da abokanta a Jami'ar Virginia a shekarar 2000. Su sun dasa ɗan faifan ƙarfe a ƙarƙashin fatar manyan ɓeraye, suna ɗora maganaɗisu daga waje na sa'o'i biyu, su ɗauke na rabin sa'a. Sun gano cewa toshe jini da sakinsa akai-akai ya fi ɓarna a kan toshe shi sau ɗaya na jimillar lokacin. Abin da ke faruwa shi ne, idan jini ya dawo wa naman da ya daɗe babu iskar oksijin, sai a samu wasu sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta, fararen ƙwayoyin jini kuma su yi cincirindo a wurin, kumburi ya ƙaru. Ba a fahimci wannan a matsayin hujjar daina juya majiyyaci ba. Abin da ya nuna shi ne hutu gajere bayan doguwar dannewa ba ya isar nama ya murmure, kuma mayar da mutum kan gefen da bai gama hucewa ba yana tara ɓarna a kan ɓarna.

Ƙafar ɓera a cikin na'urar MRI

Binciken da ya fi sauya tunanin masana a ƙarnin nan an yi shi ne a Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da ke ƙasar Holan. An sa babban ɓera barci, aka kafe ƙafarsa ta baya a cikin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, aka lotsa tsokar ƙwaurinsa da wani ɗan sanda mai kan mulmule na sa'o'i biyu, ana kallon abin da ke faruwa a ciki. A wasu ɓerayen kuma ba a lotsa komai ba, an dai ɗaure cinyar ne aka tsayar da jini na daidai wannan lokaci. Sakamakon da Anke Stekelenburg da abokan aikinta suka wallafa a 2007 ya nuna cewa tsokar da aka hana jini kawai ta farfaɗo bayan an kwance ɗaurin, wadda aka lotsa kuwa ta mutu, kuma mutuwar ta fi yawa daidai inda naman ya fi lanƙwashewa. Aikin da ya biyo baya a wannan jami'a ya nuna cewa idan lotsawar ta yi tsanani, minti goma ya isa a fara ganin lalacewa.

A Jami'ar Tel Aviv, Amit Gefen da Eran Linder-Ganz sun samu makamancin haka a 2006: ƙarfin da ya kai kimanin 240 yana kashe ƙwayoyin tsokar ɓera cikin minti 15 zuwa sa'a guda, amma bayan sa'o'i biyu ƙarfin da bai kai 70 ba ma yana iya yin hakan. Daga waɗannan ayyuka ne aka fahimci cewa hanyoyin mutuwar nama sun fi ɗaya. Akwai matsewar da ke yaga ƙwayar halitta kai tsaye cikin mintuna, akwai kumburin da ke biyo baya, akwai kuma yunwar jini da ke ɗaukar sa'o'i. Jagorar ƙasa da ƙasa kan rigakafi da jinyar wannan rauni da ƙungiyoyin Turai da Amurka da yankin Pasifik suka fitar a 2019 ta ɗauki wannan bayani a matsayin tushe.

Inda kamannin ya yanke

Fatar ɓera ba irin ta mutum ba ce. Sako-sako take a jikinsa, shi ya sa ma ake iya ninke ta, kuma a ƙarƙashinta akwai wani siririn shimfiɗin tsoka da ɗan Adam ba shi da shi sai ɗan saura a wasu wurare kamar wuya. Idan ɓera ya ji rauni wannan tsoka kan janyo gefunan raunin su haɗe, kamar an zuge bakin jaka, alhali raunin mutum yana cika ne daga ƙasa sannan sabuwar fata ta rarrafo daga gefe ta rufe shi. Saboda haka maganin da ya hanzarta rufewar raunin ɓera yana iya zama ya taimaka wa wani aiki ne da jikin mutum bai dogara da shi ba. Masu bincike sun yi ƙoƙarin magance wannan ta hanyar ɗinka zoben roba a kewayen raunin don ya hana shi tsukewa, amma zoben kan fita, kuma shi kansa wani sabon abu ne da aka shigar cikin gwajin.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. A samfurin maganaɗisu fata ce aka matse da fata. Babu ƙashi a ƙasa, babu nauyin jiki a sama, babu zamewar da ke faruwa idan aka ɗaga kan gado fata ta manne da zanin gado ƙashi kuma ya sulale ƙasa. Yawancin ɓerayen da ake amfani da su matasa ne masu ƙoshin lafiya, raunin nasu kan warke cikin 'yan makonni ko ba a sa musu komai ba, alhali gyambon tsoho mai mataki na huɗu yana iya shafe watanni ko shekaru, cike da ƙwayoyin cuta da suka yi sansani a cikinsa. Ana amfani da tsofaffin ɓeraye da masu ciwon sukari da waɗanda aka yanke wa laka don a matso kusa da gaskiya, sai dai kowanne yana kwaikwayon abu guda ne daga cikin abubuwa biyar ko shida da ke tare da majiyyaci ɗaya.

Alade ya fi kusa. Kaurin fatarsa da ƙarancin gashinta da yadda ta manne da naman ƙasa duk sun yi kama da na mutum. Wani nazari na 2001 da ya kwatanta sakamakon gwaje-gwajen warkar da rauni ya samu cewa na aladu ya dace da na mutane a kashi 78 cikin ɗari, na ƙananan dabbobi a kashi 53, na ƙwayoyin halitta da aka raina a faranti kuma a kashi 57. Amma alade yana da tsadar saye da ta kiwo, yana buƙatar likitan dabbobi da ɗakin tiyata, yana saurin girma har ya gagari riƙo, kuma ba a da nau'o'insa da aka sauya wa ƙwayoyin gado da yawa kamar na ɓera. Shi ya sa ɗalibi mai ƙaramin tallafin bincike yakan ƙare a kan ɓera ko da tambayarsa ta fi dacewa da alade, kuma wannan lissafin aljihu ne, ko da an yi masa ado da hujjar kimiyya a cikin rahoto.

Misalin becaplermin ya nuna faɗin ratar. Magani ne na shafawa mai ɗauke da sinadarin da ke zaburar da tsiron nama, ya yi kyau a gwajin dabbobi, kuma FDA ta amince da shi a 1997 don gyambon ƙafar masu ciwon sukari. An gwada shi a kan gyambon kwanciya, amma hujjar ba ta kai a amince da shi don wannan ba.

Matsayin ɓangarori

Masu kare amfani da dabbobi suna cewa gyambon kwanciya ba al'amarin ƙwayar halitta ɗaya ba ne. Jini ne da jijiyoyi da garkuwar jiki da ƙashi da tsoka suke aiki tare, kuma babu faranti ko kwamfutar da ta haɗa waɗannan duka. Suna ƙara da cewa hatta lissafin kwamfutar da ake alfahari da shi yana buƙatar a gaya masa iyakar lanƙwashewar da tsoka za ta iya jurewa, kuma daga ƙafar ɓera aka samo wannan iyaka.

Masu suka iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Na farko masana ne da ba su ƙi gwajin dabbobi a asali ba, amma suna ganin da yawa daga cikin binciken ba a yi shi da kyau ba: dabbobi kaɗan, babu rarraba su ta hanyar ƙuri'a, wanda ke auna raunin ya san wace dabba aka ba magani, kowane ɗakin gwaji da nasa girman maganaɗisu da nasa lokaci, sakamakon da bai yi daɗi ba kuma ba ya ganin hasken rana. Don magance wannan ne aka fitar da ƙa'idojin rubuta rahoto na ARRIVE a 2010, aka sabunta su a 2020. Na biyu su ne masu fafutukar haƙƙin dabbobi, waɗanda ke ganin cewa jawo wa halitta mai jin zafi rauni da gangan ba ya halatta ko da akwai amfani, balle kuma amfanin yana cikin shakka.

Batun zafi yana da sarƙaƙiyarsa. Matsi da gyambo suna da ciwo, kuma dokoki sun wajabta a rage shi, amma wasu magungunan kashe zafi suna danne kumburi, wanda shi ne abin da ake son a auna. Galibi kuma akan ware kowane ɓera a kejinsa don kada 'yan uwansa su taɓa maganaɗisun ko raunin, alhali kaɗaici na takura wa ɓera, takura kuma tana jinkirta warkewa. A nan jin daɗin dabbar da ingancin sakamakon sun zama abu guda.

Mafi yawan dokoki sun tsaya ne a kan ƙa'idoji uku da William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a 1959: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage adadin dabbobin, a kuma sassauta wahalarsu. Tarayyar Turai ta sa su cikin dokarta ta 2010, Birtaniya kuma tana aiki da dokar 1986 da ke buƙatar lasisi ga mai binciken da aikin da wurin. A Amurka dokar jin daɗin dabbobi ta 1966 ba ta haɗa da ɓerayen da aka haifa don gwaji ba, ko da yake binciken da gwamnati ke ba wa kuɗi yana ƙarƙashin wasu ƙa'idoji da kwamitocin sa ido na cibiyoyi.

Hanyoyin maye gurbi sun yi nisa a wannan fanni fiye da wasu. Ana raina tsoka a ɗakin gwaji a danne ta a ga lokacin da ƙwayoyinta ke mutuwa. Ana ɗaukar hoton MRI na mutum yana zaune, a gina taswirar naman mazaunansa a kwamfuta, a lissafa inda matsi ya fi taruwa a kan kujera iri kaza. Ana amfani da fatar da ta rage bayan tiyata da izinin mai ita, ana kuma danne fatar masu sa kai na ɗan lokacin da ba zai cutar ba, a auna sinadaran kumburi daga maiƙon fatarsu. Waɗannan sun fi ɓera amfani wajen gwada katifa ko matashin keken guragu. Inda suka gaza shi ne abin da ke faruwa kwana uku ko mako uku bayan rauni, lokacin da jini da garkuwar jiki suka karɓi ragama.

Abin da wannan ke nufi ga majiyyaci da mai jinya

Sauyin dokar Amurka ba zai kawo sabon maganin gyambo da wuri ba. Sanarwar 2025 ta fara ne da wani rukunin magunguna na musamman, kuma katifu da bandeji da na'urorin zuƙe ruwan rauni ana yi musu rajista ne a matsayin kayan aikin asibiti, ta wata hanya dabam da ta magunguna. Wanda ya ci karo da labarin cewa an gano maganin gyambon kwanciya yana da damar tambayar wace dabba aka gwada, shekarunta nawa, kuma kafin raunin aka ba da maganin ko bayansa, domin wasu nasarorin da ake samu a ɓera na rigakafi ne da aka fara tun kafin a ɗora maganaɗisu, damar da mai jinya ba ya samu.

Amfanin binciken dabbobi ya riga ya shiga ɗakin jinya ta wata ƙofa. Shawarar a ɗaga majiyyaci maimakon a ja shi a kan zanin gado tana da tushe a aladun Dinsdale. Akwai kuma shawarar kada a ɗaga kan gado fiye da digiri 30 sai da dalili, da a sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya rataya bai taɓa katifa ba, da a daina murza wurin da ya yi ja, da a guji matashi mai rami a tsakiya wanda ke tara matsi a gefuna. Sanin cewa ɓarna na farawa daga ciki ya sa ake koya wa ma'aikatan jinya su taɓa wurin su ji ko ya yi zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kewayensa, su kuma saurari ƙorafin ciwo. Wannan ya fi muhimmanci ga masu baƙar fata, domin jan da aka gina mataki na farko a kansa ba ya fitowa sosai a fatarsu, kuma sau da yawa ba a gano raunin sai ya fashe.

Yana kuma shafar jayayyar da kan taso tsakanin dangi da asibiti. Raunin can ciki yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ya bayyana a fata, don haka tabon da aka gani ranar Laraba a ɗakin jinya yana iya zama na daren Lahadin da mutum ya faɗi ya kwana a ƙasa, ko na sa'o'in da ya yi a kan teburin tiyata.

Ita kuwa ƙa'idar sa'o'i biyu, gwaji a kan mutane ne ya sake auna ta. A 2013 Nancy Bergstrom da abokan aikinta sun wallafa sakamakon bincike a gidajen kula da tsofaffi na Amurka da Kanada, inda aka raba mutum 942 masu kwanciya a kan katifar soso mai inganci gida uku, ana juya wasu kowane sa'o'i biyu, wasu uku, wasu huɗu, kuma ba a samu bambanci a yawan gyambo ba. Sakamakon bai shafi wanda ke kan katifa maras kyau ko mai tsananin rashin lafiya ba, shi ya sa jagorar 2019 ba ta ɗaure kowa da lamba ɗaya ba: ta bar wa masu jinya su tsayar da lokacin juyi gwargwadon irin katifar, da ƙarfin motsin majiyyacin, da yadda fatarsa ta kasance a duk lokacin da aka duba ta.